MinION: na'urar tafin hannu mai karanta asalin ƙwayar cuta, da iyakar abin da take iyawa

Duk wanda aka fara ɗora wa na'urar MinION a tafin hannu yakan juya ta sama da ƙasa yana neman inda sauranta yake, domin abin da aka saba kira injin karanta ƙwayoyin halitta abu ne mai cin kusurwar ɗaki guda, wanda ke buƙatar sanyi da wutar da ba ta yankewa, sai ga shi an miƙo masa abin da bai kai wayar salula faɗi ba, nauyin samfurinsa na farko bai cika giram 100 ba, kuma daga jikin kwamfutar tafi-da-gidanka yake shan wuta ta igiyar USB. Kamfanin Oxford Nanopore Technologies ne ke ƙera ta, wanda aka kafa a Ingila a shekarar 2005 daga binciken da aka faro a Jami'ar Oxford. A 2014 kamfanin ya fara raba ta ga masu bincike domin su gwada, a 2015 kuma ta shiga kasuwa. Tun daga lokacin, da wuya a yi zancen gano ƙwayoyin cuta masu haɗari a wajen ɗakin gwaje-gwaje, ko zancen shirin tunkarar harin ta'addanci da ƙwayoyin cuta, ba a ambaci sunanta ba. Na yi aiki da ita, kuma ina ganin girmanta ƙwarai, amma ra'ayina shi ne ana yawan ba ta aikin da ba nata ba. Babu wata na'ura mai girmanta da ta fi ta amsa tambayar mece ce wannan ƙwaya kuma daga ina ta fito, sai dai ita ba ƙararrawa ba ce, kuma hukumar da ta saye ta da nufin jami'inta ya tsoma ta cikin farar hoda ya ga amsa nan take za ta yi da na sani.

Sai an fahimci yadda take aiki sannan a gane ƙarfinta da rauninta, domin daga tushe ɗaya suka fito. Kowace halitta, daga mutum har zuwa bakteriya, tana ɗauke da bayanin gininta a cikin zaren DNA wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, wato A da C da G da T, wasu bairos kuma irin su Ebola da Lassa suna ɗauke da nasu bayanin a zaren RNA. A cikin MinION ana saka wani faifai na musamman wanda shi ne zuciyar aikin. A jikin faifan akwai siririn tantani mai ɗauke da ƙananan kafofi na furotin waɗanda faɗinsu bai wuce na zaren DNA guda ya ratsa ba, kuma akwai hanyoyin karatu 512 da za su iya aiki a lokaci ɗaya. Ana sa wutar lantarki kaɗan ta riƙa kwarara ta cikin kowace kafa, sannan wani furotin ya riƙa zura zaren a hankali, kimanin haruffa 400 a kowace daƙiƙa. Yayin da zaren ke wucewa, kowane rukunin haruffa yana tare kafar ta wata siga daban, ƙarfin wutar ya sauya, manhajar kwamfuta kuma ta mayar da wannan hawa da saukar wutar zuwa haruffa. Babu kyamara, babu hasken leza, babu rini, kuma wannan ne ya sa aka iya ƙanƙantar da ita haka. Abu na biyu da ya biyo bayan wannan tsari shi ne tana karanta zare duk tsawonsa har sai ya ƙare ko ya tsinke, ta yadda an taɓa samun karatu guda da ya haura haruffa miliyan biyu, alhali manyan injuna na gargajiya gutsattsari na haruffa ɗari biyu zuwa uku suke karantawa. Abu na uku, wanda a fagen annoba ya fi komai daɗi, shi ne bayanin yana fitowa tun ana cikin aiki, ba sai an jira an gama ba, don haka mai aiki yana iya tsayar da ita da zarar ya ga abin da ya ishe shi.

Domin a ga matsayinta, dole a waiwayi abin da ya haifar da kasuwar irin waɗannan na'urori. A watannin Satumba da Oktoba na 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, an aika wasiƙu ɗauke da garin ƙwayar antraks, cutar da makiyaya suka sani da ciwon saifa, zuwa gidajen jaridu da ofisoshin sanatoci biyu a Amurka, Tom Daschle da Patrick Leahy. Mutum biyar suka mutu, wasu 17 suka kamu, kuma biyu daga cikin mamatan ma'aikatan gidan waya ne a Washington. Bayan haka sai aka shiga wani yanayi na firgici inda duk ambulan da aka ga gari a cikinsa ake kiran 'yan kwana-kwana, dubban rahotanni suka riƙa shigowa, kusan dukkansu kuma ba komai ba ne. Abin da jami'an agajin gaggawa suka fara riƙewa a lokacin shi ne tsinken gwaji, irin wanda layi ke fitowa a kansa cikin minti 15, kamar wanda duniya ta saba da shi daga baya a zamanin korona. Yana da sauƙi, ba ya buƙatar wuta, amma yana buƙatar ƙwaya mai yawa kafin ya gani, kuma wani lokaci yakan nuna layi a kan abin da ba antraks ba, har ta kai a 2002 ofishin kimiyya na fadar shugaban Amurka ya shawarci hukumomi da kada su dogara da irin waɗannan tsinkaye wajen yanke hukunci a kan antraks. Daga nan ne akwatunan PCR, wato masu fasahar ninka gutsuren zaren ƙwayar da ake nema, suka samu karɓuwa. Hukumar gidan waya ta Amurka ta girka tsarin da ke zuƙar iskar da ke tashi daga injunan tace wasiƙu yana gwada ta da fasahar GeneXpert ta kamfanin Cepheid, kamfanin BioFire kuma ya fito da FilmArray wadda ke duba ƙwayoyi fiye da goma a cikin jaka guda cikin kusan awa ɗaya. Waɗannan akwatuna suna da kaifin gani sosai, domin suna ninka gutsuren da suke nema sau miliyoyi kafin su auna shi, kuma ba sa buƙatar gwani, samfuri kawai ake zubawa a rufe a danna.

Sai dai dukkansu, tsinke da akwatin PCR, tambaya ɗaya suke amsawa: shin abin da aka ce in nema yana nan ko ba ya nan? Idan ƙwayar ba ta cikin jerin da aka ba su, ko ta sauya a daidai wurin da suke kamawa, shiru za su yi, mai aiki kuma ya ɗauka lafiya lau. A nan ne MinION ta sha bamban, domin ba a gaya mata abin da za ta nema, duk zaren da ya shigo kafarta karanta shi take yi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga wanda ke tunanin barazanar da ba a taɓa gani ba, ko sabuwar cuta ce ta tsallako daga dabba, ko wata ce da hannun mutum ya taɓa.

Tarihinta a fili shi ne babbar hujjarta, kuma shi ya sa nake yarda da ita fiye da tallan da ake mata. A watan Afrilun 2015, lokacin annobar Ebola da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma, wani matashin mai bincike daga Jami'ar Birmingham, Joshua Quick, wanda ke aiki tare da Nick Loman, ya ɗauki dukkan kayan aikin a jakunkunan tafiya na jirgin sama zuwa ƙasar Gini. An karanta samfura 142, kuma ana iya samun sakamako cikin ƙasa da awa 24 daga isowar samfuri, alhali kafin nan sai an tura samfura ƙetare a jira makonni ko watanni. Amfanin wannan a bayyane yake: bairos ɗin Ebola yana da haruffa kusan 19,000, kuma yana tara ƙananan sauye-sauye yayin da yake wucewa daga mutum zuwa mutum, saboda haka idan sabon maras lafiya ya bayyana a wani ƙauye, jerin haruffan ƙwayarsa na iya nuna daga wane reshen yaɗuwa ta fito, masu bin diddigi kuma su san inda za su dosa. A 2016 an zagaya da ita arewa maso gabashin Brazil a cikin motar da aka mayar ɗakin gwaji domin bin sawun bairos ɗin Zika, a watan Agustan shekarar kuma 'yar sama jannati Kate Rubins ta karanta DNA da ita a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, abin da ya nuna ba ta damu da girgiza ko rashin nauyi ba.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na zazzaɓin Lassa a 2018. A farkon shekarar adadin masu kamuwa a Najeriya ya tashi fiye da yadda aka saba, tsoro kuma ya shiga cewa ko wani sabon nau'i ne ya ɓullo mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane, kamar yadda Ebola ta yi shekaru huɗu kafin nan. A asibitin koyarwa na Irrua da ke jihar Edo, masu bincike na cikin gida tare da abokan aikinsu daga Ingila da Jamus suka karanta samfuran marasa lafiya da wannan na'ura a nan inda ake jinyarsu. Abin da haruffan suka nuna shi ne ƙwayoyin da ke jikin marasa lafiyar sun bambanta da juna sosai, kuma na zuriyoyin da aka riga aka sani ne, wato akasarin mutanen daga ɓeraye suka kamu, kowa ta hanyarsa, ba daga junansu ba. Wannan amsa ta sauya inda ya kamata a zuba ƙarfi, kuma babu tsinken gwaji ko akwatin PCR da zai iya bayar da ita, domin duk abin da za su ce shi ne Lassa ce, abin da kowa ya riga ya sani. Irin wannan tambaya ce za a yi ranar da ake zargin an saki cuta da gangan: shin daga tushe guda ta fito ko daga wurare da yawa, kuma tana kama da wadda aka saba gani a wurin ko baƙuwa ce?

A kan antraks ma tana da wata fa'ida da ya kamata a tsaya a kanta. Ƙwayar Bacillus anthracis tana da 'yan uwa na kusa, Bacillus cereus da Bacillus thuringiensis, waɗanda ke cike a cikin ƙasa da ƙura, na biyun ma har maganin ƙwari ake yi da shi, kuma babban zaren halittarsu ya yi kama da juna matuƙa. Abin da ya sa antraks ke kisa yana kan wasu ƙananan zobba biyu na DNA da ake kira pXO1 da pXO2, ɗaya mai ɗauke da bayanin dafi, ɗaya mai ɗauke da bayanin rigar da ke kare ƙwayar daga garkuwar jiki. Nau'in Sterne da ake yi wa dabbobi allurar rigakafi da shi ba shi da zobe na biyun. Don haka jin cewa an ga wani abu mai kama da antraks bai isa a rufe gari ba, sai an san ko zobban biyu suna nan. Da yake MinION dogayen zare take karantawa, haɗa cikakken jerin ƙwayar mai haruffa sama da miliyan biyar tare da zobbanta ya fi sauƙi, haka kuma ganin alamun da ke iya nuna ƙwayar ba ta jin wani magani. Idan aka tuna cewa garin antraks ko ruwansa da ƙungiyar asiri ta Japan mai suna Aum Shinrikyo ta fesa daga rufin wani gini a unguwar Kameido ta birnin Tokyo a 1993 sai bayan kusan shekara takwas aka wallafa binciken da ya tabbatar nau'in rigakafin dabbobi ne, za a gane darajar na'urar da za ta iya kusantar wannan amsa cikin yini ɗaya ko biyu.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙanƙantar na'urar tana ruɗin ido, domin ita kaɗai ce ƙarama, ɗakin gwajin da ke kewaye da ita bai ƙanƙance ba. Ba a zuba mata jini ko majina ko hoda kai tsaye. Sai an fara kashe ƙwayar domin kare mai aiki, sannan a fasa ta a fitar da zaren, a wanke shi, a auna yawansa, idan RNA ne akasari a mayar da shi DNA, sannan a liƙa masa mariƙin da zai ja shi cikin kafa. Akwai kayan haɗi na gaggawa da ke kammala matakin ƙarshe cikin kusan minti goma, kuma wannan adadin ne ake yawan ambata, amma matakan da suka gabace shi su ke cin awanni, su ne kuma ke buƙatar bututan awo masu daidaito, da injin juya samfuri, da na'urar ɗumama, da sinadarai waɗanda wasunsu dole su zauna cikin ƙanƙara. Ƙwayar antraks idan ta shiga ɓawonta na barci tana da taurin fasawa ƙwarai, kuma wannan ɓawon shi ne abin da za a tarar a cikin ambulan. Batun kashe ƙwayar ma ba abin wasa ba ne. A 2015 an gano cewa wani sansanin gwaji na sojan Amurka da ke Dugway a jihar Utah ya shafe shekaru yana aika samfuran antraks da aka ɗauka an kashe zuwa ɗakunan gwaji da yawa a ciki da wajen ƙasar, alhali wasunsu na da rai. Idan hakan ya faru a wurin ƙwararru masu cikakken kayan aiki, wanda ke aiki a cikin tanti ya kamata ya ninka hattara, kuma akwatin safar hannu mai rufi ba abin da za a bari a baya ba ne don a rage nauyin kaya.

Shi kansa faifan abu ne mai laushi, kusan mai rai, tunda kafofinsa furotin ne. Yana son a ajiye shi a firiji ba tare da ya daskare ba, yana da wa'adin watanni kaɗan, kuma adadin kafofinsa masu aiki yana raguwa tun yana ajiye. Kumfar iska guda idan ta shiga lokacin zuba samfuri tana iya lalata kafofin da ta taɓa, ba kuma sa dawowa, shi ya sa hannun da bai saba ba yakan yi asarar faifai kafin ya ƙware. Na'urar tana ƙoƙarin riƙe faifan a zafi tsayayye, don haka a wurin da rana ta yi tsanani sai an nema mata inuwa da sanyi. Kuɗin na'urar kanta ba shi ne abin dubawa ba, faifai da sinadaran da ake saye a kai a kai su ne ainihin nauyin, kuma hukumar da ta ajiye su tana jiran ranar da ba a fata za ta riƙa zubar da waɗanda wa'adinsu ya ƙare ba tare da an taɓa su ba. A ganina hanya ɗaya ce ta sa wannan ya zama da ma'ana, wato a riƙa amfani da ita a aikin yau da kullum na sa ido kan cututtuka, ta yadda kaya ba sa tsufa, hannu kuma ba ya mantuwa. Kamfanin ya ɗan rage wannan nauyi da ƙaramin faifai mai suna Flongle mai hanyoyi 126, wanda ya dace da ƙananan ayyuka da koyarwa.

Akwai kuma batun kaifin gani, wanda mutane da yawa ke juya shi baibai. Ana ɗauka cewa tunda ta fi PCR bayar da bayani, to ta fi shi gani, alhali akasin haka ne. Da yake komai take karantawa, idan aka ba ta jinin maras lafiya mafi yawan abin da zai ratsa kafofin DNA ɗin mutumin ne, wanda haruffansa sun haura biliyan uku, ƙwayar cutar kuma ta zama allura cikin ruwa. Masu aikin Zika a Brazil sun ci karo da wannan sosai, domin bairos ɗin kaɗan ne a cikin jini, kuma mafitar da suka samo ita ce su fara ninka gutsattsarin bairos ɗin da PCR kafin su karanta. Wannan dabara ce daga baya ƙungiyar masu binciken annoba ta ARTIC ta gina a kanta, ta zama hanyar da ɗakunan gwaji a faɗin duniya suka bi wajen karanta bairos ɗin korona a 2020. Dabarar tana aiki ƙwarai, sai dai a lura da abin da aka bayar a madadinta: da zarar an zaɓi abin da za a ninka, an koma ga neman abin da aka riga aka sani, kuma babbar fa'idar na'urar ta ganin baƙon abu ta ragu. Ba a samun duka biyun a lokaci guda, dole mai aiki ya zaɓa gwargwadon tambayar da ke gabansa.

Game da daidaiton karatu, sukar da aka fi yi mata a da ta tsufa. A shekarun farko kuskurenta yana da yawa, har wasu suka ɗauke ta abin wasa, kuma ta daɗe tana tuntuɓe a inda harafi ɗaya ya maimaitu sau da yawa a jere, domin wutar ba ta sauyawa sosai a irin wannan wuri. Da sabon faifai samfurin R10.4.1 da ya fito a 2022 tare da ingantattun manhajoji, daidaiton karatu guda ya kai wajen kashi 99 cikin ɗari, kuma idan aka karanta wuri ɗaya sau da yawa aka haɗa, sakamakon ya wadatar ga kusan duk aikin annoba. Inda zan ci gaba da taka-tsantsan shi ne binciken laifi, inda bambancin harafi ɗaya ko biyu zai iya danganta ƙwaya da wani ɗakin gwaji, a nan kam sai an tabbatar da wata hanya dabam. Wannan saurin ingantuwa yana da nasa wahalar, domin sinadarai da manhajoji suna yawan sauyawa, tsarin aikin da aka tantance aka rubuta a bana yana iya buƙatar sabon tantancewa nan da shekara biyu, abin da ke damun duk hukumar da sakamakonta zai iya zuwa gaban kotu. Manhajar da ta fi daidaito kuma tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfin sarrafa hoto, wadda ke shan batir da sauri, sannan wanda zai je inda babu intanet dole ya shirya manhajojinsa da rumbun bayanansa tun kafin ya fita.

Abin da ya fi tsorata ni ba kuskuren kafa ba ne, kuskuren fassara ne. Bayan an samu haruffan, wata manhaja ce ke kwatanta su da rumbun jerin ƙwayoyin da aka sani ta fitar da sunaye, kuma idan ta ga gutsuren da ya yi kama da na ƙwaya mai haɗari za ta rubuta sunan a allo ba tare da wata shakka ba. A 2015 wani bincike da aka yi kan ƙurar tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York ya bayar da rahoton ganin alamun antraks da na annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, jaridu suka ɗauka, daga baya masu binciken suka gyara maganarsu domin babu hujjar cewa waɗannan ƙwayoyi suna wurin. Ba da MinION aka yi wannan aiki ba, amma ramin da aka faɗa yana gaban duk mai amfani da ita, ya ma fi kusa da shi, tunda sakamakon yana fitowa a gabansa nan take, a fili, wataƙila shugaban 'yan sanda na tsaye a bayansa yana jiran kalma ɗaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan fage ƙararrawar ƙarya tana nufin kwashe mutane daga gini, da ba ɗaruruwa maganin da ba sa buƙata, da zubewar yarda ranar da abin gaske ya zo. Dole a samu wanda ya san ya tambayi karatu nawa ne suka nuna wannan suna, ko sun bazu a duk tsawon jerin ƙwayar ko wuri ɗaya suka taru, kuma me samfurin ruwa zalla da aka gwada tare da su ya nuna.

Akwai abubuwa biyu da ba za ta taɓa faɗa ba komai ƙwarewar mai riƙe da ita. Na farko, ba ta ganin guba. Risin da ake samu daga 'ya'yan zurma, wanda aka aika a wasiƙu zuwa ga Shugaba Barack Obama a 2013, furotin ne, haka ma dafin botulinum da wata bakteriya ke fitarwa, wanda ke cikin rukunin farko na jerin barazanar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar tare da antraks da agana da tularemiya da zazzaɓin zubar jini. Na'urar zaren DNA da RNA take karantawa, don haka iyakar abin da za ta iya gani shi ne ragowar DNA na tsiron ko na bakteriyar idan ya saura a cikin samfurin, wanda ba shi ne gano dafin ba. A nan tsinken gwaji, duk da rauninsa, ya fi ta amfani. Na biyu, ba ta bambanta mai rai da matacce, domin zaren ƙwayar da ta mutu yana karantuwa kamar na mai rai, saboda haka tambayar ko an gama tsabtace gini har mutane su koma sai an shuka samfurin a ɗakin gwaji mai kariya an ga ko zai tsiro.

Wanda zan ba shawarar ya mallake ta shi ne ɗakin gwajin lafiyar jama'a ko na lafiyar dabbobi, da tawagar tafi-da-gidanka ta masu binciken annoba, da rundunar da ke da masana kimiyyar halitta a cikinta, matuƙar akwai aƙalla mutum biyu, ɗaya mai hannun haɗa samfuri, ɗaya mai idon karanta bayani, kuma suna taɓa ta kowane wata. Wanda ba zan ba shawarar ba shi ne jami'in kwana-kwana ko mai gadin filin jirgi da ke buƙatar amsa cikin minti talatin yana sanye da rigar kariya da safar hannu mai kauri, wanda ko riƙe bututun awo zai yi masa wuya. Shi abin da ya dace da shi tsinken gwaji ne domin guba da kuma akwatin PCR mai rufaffiyar jaka domin ƙwayoyin da ke cikin jeri. Idan akwatin ya nuna wani abu, ko kuma ya yi shiru alhali mutane na ci gaba da faɗuwa da ciwon da ba a gane ba, a nan ne za a kira tawagar da ke riƙe da MinION, a raba samfurin gida biyu tun kafin a taɓa shi, rabi ya shiga faifai a wurin, rabi kuma a rufe shi cikin kwantena uku a aika babban ɗakin gwaji da takardar da ke nuna hannun kowa da ya bi ta kansa.